TARIHIN IBNU BAƊUƊA, ALƘALI ƊAN TANJA DA YA SAUKA A ZONGON MUSULMI NA BIRNIN GUANGZHOU

 

'Yan'uwa matasa maza da mata, a wannan fitowa filinmu na tarihin magabata zai kai mu ƙasar Sin. Da wuya ka shiga wani zongo, Nima ce ko Sabon Zongo ko zongon Kumasi, ka rasa wanda ya taɓa jin sunan Guangzhou. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 fatakenmu suka fara zuwa can saro kaya: wayar hannu, fitila mai caji, yadi, takalma, kayan gyaran babur. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, kimanin shekara 680 da suka wuce wani malami ɗan Afirka, mabiyin mazhabar Malikiyya kamar mu, ya ba da labarin saukarsa a wannan birni, ya kwana 14 a unguwar Musulmi, ya kuma bar mana bayanin abin da idonsa ya gani. Wannan malami shi ne Ibnu Baɗuɗa.

ASALINSA DA FITARSA DAGA GIDA

Sunansa Muhammadu ɗan Abdullahi, ana yi masa alkunya da Abu Abdullahi. An haife shi a garin Tanja, a arewacin ƙasar Maroko, ranar 17 ga Rajab shekara ta 703 bayan Hijira, wato watan Fabrairu na 1304. Danginsa Barbarawa ne na ƙabilar Lawata, kuma gidansu gidan alƙalai ne. Saboda haka ya tashi da karatun Alƙur'ani da fiƙihun Malikiyya da Larabci, irin karatun da har yanzu ake yi a zaurukan malamanmu.

A watan Rajab na 725, wato Yunin 1325, ya ɗaura niyyar aikin hajji yana da shekara 21. Ya fita shi kaɗai, ba ayari ba abokin tafiya, ya bar mahaifinsa da mahaifiyarsa da rai. Bai sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Farkon tafiyar bai yi daɗi ba. Zazzaɓi ya kama shi a hanya, har sai da ya ɗaure kansa da rawani a jikin sirdi don kada ya faɗo. Da suka isa Tunis, mutanen gari suka fito taryen waɗanda ya haɗu da su a hanya, kowa yana rungumar nasa, shi kuwa ba wanda ya ce masa sannu. Ya ba da labari da kansa cewa hawaye ya zubo masa. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota ta garin da bai san kowa ba ya san wannan hali. Amma da ayarin alhazai ya tashi daga Tunis, shi aka naɗa alƙalin ayari, domin karatunsa.

A Iskandariyya ya ziyarci wani shehi mai gudun duniya, Burhanuddini Al'a'araj. Shehin ya lura yaron yana son tafiye-tafiye, sai ya ba shi saƙon gaisuwa zuwa ga wasu 'yan'uwansa uku, ɗaya a Hindu, ɗaya a Sindi, ɗaya a Sin. A lokacin ko a mafarki bai taɓa kawo zuwa waɗannan ƙasashe ba. Ya wuce Alƙahira, ya je Dimashƙa ya zauna gaban malamai ya karɓi ijazoji, sa'an nan ya sauke farali a 1326, shekara biyu bayan hajjin Mansa Musa na Mali.

ILIMI SHI NE JARINSA

Da ya gama hajji bai juya gida ba. Ya shiga Iraƙi da Farisa, ya koma Makka ya zauna, ya gangara Yaman, ya haye teku zuwa Zaila da Mogadishu da Mombasa da Kilwa a gabashin Afirka. Daga baya ya nufi ƙasar Turkawa.

Mai karatu zai yi tambaya, da wane kuɗi? Ibnu Baɗuɗa ba falke ba ne, ba ya ɗauke da haja. Jarinsa shi ne abin da ke cikin kansa. A wancan zamani duk inda Musulmi suka kafa gari suna bukatar wanda ya san shari'a da Larabci, musamman a ƙasashen da ke bakin iyakar Musulunci. Sarakuna suna ba malami baƙo masauki da tufafi da doki da guzuri, zawiyoyi da makarantu kuma suna ciyar da matafiyi daga dukiyar waƙafi.

A ƙasar Turkawa ya ga wani abu da ya kamata kowace ƙungiyar matasa ta sani. A kusan kowane gari akwai ƙungiyar samari masu sana'a, shugabansu ana kiransa Akhi. Da rana kowa yana wurin aikinsa. Bayan la'asar sai su kawo abin da suka samu ga shugaba, a sayi abinci da 'ya'yan itatuwa da man fitila. In baƙo ya sauka a garin, su ne masu masaukinsa har ranar da zai tashi. A garin Antaliya wani saurayi mai tsummokara ya gayyace shi cin abinci tare da jama'arsa. Ibnu Baɗuɗa ya ji nauyin ɗora wa talaka wahala, sai aka sanar da shi ai wannan baduku ne, kuma shi ne shugaban masu sana'a wajen 200 waɗanda suka gina zawiyarsu da guminsu. Ya yaba wa waɗannan samari matuƙar yabo.

Daga nan ya haye Baƙin Teku zuwa ƙasar Sarki Uzbak, ya raka ɗaya daga cikin matan sarkin zuwa Ƙusɗanɗiniyya, wadda a lokacin tana hannun Kiristoci, ya ratsa Bukhara da Samarƙandi, ya tsallake duwatsun Hindu Kush. A lissafinsa ya iso bakin kogin Sindi ranar 1 ga Muharram 734, wato Satumbar 1333.

DAULA DA BASHI A DELHI

Sarkin Delhi na lokacin, Muhammadu ɗan Tugluƙ, mutum ne mai yawan kyauta da saurin zubar da jini. Ya naɗa Ibnu Baɗuɗa alƙali da albashin dinari 12,000 a shekara. To, a nan ne rauninsa ya fito fili. Ya shiga rayuwar fada, da barori da dawakai da kyauta ta nuna isa, har bashin da ke kansa ya kai dinari 55,000, sai da ya yi ta kamun ƙafa kafin sarki ya biya masa.

Bayan wasu shekaru sarki ya yi fushi da wani shehi da Ibnu Baɗuɗa ya taɓa ziyarta. Aka kashe shehin, shi kuma aka sa masa masu tsaro a ƙofa. Ya duƙufa da azumi da karatun Alƙur'ani yana jiran abin da Allah zai yi. Da ya kuɓuta sai ya rabar da abin da ya mallaka, ya sa tufafin miskinai, ya lazimci wani mai zuhudu har wata biyar. Ana cikin haka sarki ya aiko masa, ya ce ya san shi da son tafiya, don haka zai tura shi jakada zuwa ga sarkin Sin.

DUKIYA TA NUTSE A KALIKUT

Suka tashi da kyauta mai yawa, da dawakai 100 da bayi da tufafi masu tsada. Ba su yi nisa da Delhi ba 'yan tawaye suka kama shi suka tuɓe shi, da ƙyar ya tsira da ransa ya koma cikin ayari. Suka isa Kalikut, a bakin tekun kudancin Hindu, suka jira lokacin iska wata uku.

A nan ya fara ganin aikin hannun mutanen Sin. Ya bayyana manyan jiragensu dalla-dalla: babba yana da filafilai har 12 na saƙar gora kamar tabarma, yana da hawa huɗu da ɗakuna masu makulli, yana ɗaukar ma'aikata 1,000, matuƙa 600 da mayaƙa 400. Matuƙan suna shuka ganyaye da citta a cikin akusan katako a kan jirgin. Ya kuma ce ba a ƙera irin waɗannan jirage sai a birane biyu, Zaituna da Sin Kalan. Zaituna ita ce Quanzhou ta yau, Sin Kalan kuwa ita ce Guangzhou.

Aka loda kyautar sarki a babban jirgi, kayansa shi kuma a wani ƙarami. Ya tsaya a tudu don ya sami sallar Juma'a. Kafin ya shiga sai hadari ya taso, babban jirgin ya farfashe, abokan jakadancinsa suka halaka, dukiyar ta nutse. Ƙaramin jirgin da ya ga haka ya yi gaba da kayansa. Aka bar alƙalin Delhi a bakin teku da dinari 10 da dardumar da yake shimfiɗawa.

Tsoron sarki ya hana shi komawa Delhi. Ya bi ta tsibiran Maldif, inda aka sake naɗa shi alƙali ya yi wajen wata tara. A nan ya ga inda ake samo wuri, wato kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi har zuwan Turawa. A tsibiran ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya. Bayan shekaru, da ya je Mali da Gawo, ya tarar ana canjin 1,150 a dinari. Ya wuce Sarandib, wato Sirilanka, da Bangala da Sumatara, har ya sauka a Zaituna wajen 1345 ko 1346.

ABIN DA YA GANI A ƘASAR SIN

A lokacin Mongol ne ke mulkin Sin, a daular da ake kira Yuwan. Abin da ya bambanta Ibnu Baɗuɗa da sauran matafiya shi ne irin tambayoyin da yake yi. In ya ga abu sai ya nemi sanin da me aka yi shi, wa ya yi shi, ina ake kai shi.

Ya ga mutane suna ciniki da kuɗin takarda, kowace kamar faɗin tafin hannu, da hatimin sarki a jiki. In takarda ta yage sai a kai ta wani gida na hukuma a canza da sabuwa ba tare da biyan komai ba. Ya ga suna girki da wata irin ƙasa mai kama wuta wadda ta fi gawayi zafi, abin da muke kira kwal a yau. Ya ga alharini ya yi arha har talakawa suna sawa. Ya bayyana yadda ake haƙo yumɓun tangaran daga duwatsu, a ƙona shi, a jiƙa shi, a bar shi ya tsima kwanaki kafin a gina kwanuka da shi, ya ce ana fitar da wannan tangaran zuwa Hindu da Yaman har ya isa ƙasarsu ta Magrib.

Ya shaida cewa a cikin al'ummun da ya gani babu waɗanda suka kai mutanen Sin gwanintar sana'ar hannu, musamman zane. Ya bi ta kasuwar masu zane da abokansa, da suka dawo da yamma sai suka tarar an zana kamanninsu a takarda an manna a bango, kowa yana gane ɗan'uwansa. Sa'an nan ya gano amfanin abin a wurin hukuma: in baƙo ya yi laifi ya gudu, sai a aika da hotonsa garuruwa a kamo shi. Haka kuma a kowane masauki na kan hanya ana rubuta sunayen baƙi da dare, a kulle ƙofa, da safe a sake kira. Jirgi ba ya tashi sai an rubuta duk wanda ke ciki, in ya dawo a bi lissafi. Ya ce saboda wannan tsari mutum yana iya tafiyar watanni shi kaɗai da dukiya mai yawa ba abin da zai same shi. Wanda ya taɓa zuwa Sin a zamaninmu, ya ga yadda ake rajistar baƙo a masauki, zai ga cewa al'adar ta daɗe.

ZONGON MUSULMI A GUANGZHOU

Daga Zaituna ya nemi a kai shi Sin Kalan. Ya same ta cikin manyan birane masu kyawun kasuwa, kuma kasuwar tangaran na cikin mafi girma. A tsakiyar birnin ya ga wani babban gidan bauta mai ƙofa tara. A cikinsa akwai ɗakuna na makafi da guragu, ana ba su abinci da sutura daga waƙafin gidan. Akwai asibiti da madafa da masu magani da ma'aikata. Tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare da marayu da matan da mazansu suka mutu duk suna da rabo a wurin. Masu wannan gida ba Musulmi ba ne, shi kuwa alƙali ne mai tsanani, amma bai ɓoye alherin da ya gani ba.

A wani gefe na birnin akwai unguwar Musulmi. Suna da masallacin Juma'a da zawiya da kasuwa, suna da alƙali, suna da shehi wanda al'amuransu suke komawa gare shi. Ya sauka a gidan wani attajiri, Auhaduddini mutumin Sinjar ta Iraƙi, ya kwana 14, kullum ana kawo masa kyauta ana kiransa walima.

'Yan'uwa, in ba zongo ba mene ne wannan? Baƙi fatake a ƙasar da ba tasu ba, da unguwarsu a gefen gari, da limaminsu da mai unguwarsu wanda yake tsayawa tsakaninsu da masu ƙasa. Haka kakanninmu masu fataucin goro suka zauna a Salaga, haka suka kafa zongo a Kumasi da Akara da Kete Krachi, da Sarkin Zongo da liman.

Wannan zongo na Guangzhou ya girmi Ibnu Baɗuɗa da ɗaruruwan shekaru. Wani littafin Larabci da aka rubuta a 851, mai ɗauke da labarin wani falke Sulaimanu, ya ambaci cewa a Khanfu, wato sunan da Larabawan farko suke kiran birnin, sarkin Sin ya naɗa wani Musulmi yana hukunci tsakanin Musulmi yana kuma ba su sallar idi. Wajen 879 wani ɗan tawaye, Huang Chao, ya ci birnin ya karkashe baƙi, har marubuci Abu Zaidi Assirafi ya kawo adadin 120,000. Duk da haka Musulmi suka dawo. Masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiya mai tsawon kimanin mita 36, an sake gina shi a 1350, yana nan har yanzu. A birnin kuma akwai kabarin da Musulmin Sin suke jinginawa ga Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a.

Da duk wannan yabo, zuciyarsa ba ta kwanta a Sin ba. Ya faɗa cewa ganin ƙasa mai girma haka ba a kan Musulunci ba ya dame shi, har yakan zauna a gida ba ya fita sai da lalura, in kuwa ya ga Musulmi sai ya ji kamar ya ga danginsa. A wani gari ya haɗu da wani malami attajiri, Albushri, suna gaisawa sai ya gane mutumin Sabta ne, maƙwabciyar Tanja. Su biyu suka fashe da kuka. Bayan shekaru ya sauka a gidan ɗan'uwan wannan mutum a Sijilmasa, a bakin Sahara.

Wajibi ne a faɗa cewa masana tarihi sun yi saɓani a kan wannan ɓangare na tafiyarsa. Hanyar kogi ta kwana 27 da ya ce ya bi daga Zaituna zuwa Sin Kalan ba ta dace da yadda ƙasar take ba, kuma da yawa suna shakkar zuwansa Bejin. Wasu suna ganin ya isa garuruwan bakin teku na kudu, wasu suna ganin ya haɗa abin da ya gani da abin da ya ji daga fatake. Amma abubuwa da yawa da ya ambata, kamar kuɗin takarda da tangaran da unguwannin Musulmi, wasu littattafan tarihi sun tabbatar da su.

KOMAWA GIDA DA ZUWA ƘASAR BAƘAR FATA

Ya juyo ta Sumatara da Hindu da Farisa, ya isa Dimashƙa a 1348. A nan ya ji cewa ɗan da ya bari a garin ya rasu, mahaifinsa ma ya rasu shekara 15 da suka wuce. Shekarar ce annobar ɗa'una ta mamaye Sham da Masar. Ya ga mutanen Dimashƙa sun yi azumin kwana uku, sun fito ba takalmi, Musulmi da Yahudu da Nasara, kowa yana roƙon Allah. Ya sake yin hajji, ya isa Fas a ƙarshen 1349, bayan shekara 24 da fita. Annobar ta riga ta ɗauke mahaifiyarsa kafin ya iso.

Bai zauna ba. Ya haye Andalus ya ga Garnaɗa, sa'an nan a Fabrairun 1352 ya bi ayari daga Sijilmasa ya shiga Sahara. Ya ga Tagaza, inda ake gina gidaje da masallaci da allunan gishiri a rufe da fatun raƙuma. Ya isa Mali zamanin Mansa Sulaimanu, ɗan'uwan Mansa Musa, ya zauna wata takwas. Ya raina kyautar saukar da sarki ya aiko masa, gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono, ya kuma soki wasu al'adun fada. Amma ya yabi mutanen da ƙin zalunci, da amincin hanya, da riƙon amanar dukiyar baƙon da ya mutu har magada su zo, da cika masallaci ranar Juma'a har sai mutum ya aika yaro da tabarma ya kama masa wuri, da naciyarsu a kan yara su haddace Alƙur'ani.

Ya bi ta Tumbutu da Gawo ya isa Takadda, a yankin Agadas na Nijar ta yau, inda ake narka tagulla. Ya ambaci cewa ana kai tagullar Barno da wata ƙasa mai suna Kubar, wadda masana da yawa suke ɗauka Gobir ce. In haka ne, wannan na cikin ambato na farko-farko da aka yi wa wata ƙasar Hausa a littattafan Larabci. A nan saƙon Sarkin Maroko Abu Inan ya same shi, ya koma Fas a farkon 1354.

LITTAFINSA DA RASUWARSA

Sarki ya sa wani marubuci ɗan Andalus, Ibnu Juzayyi, ya zauna da shi yana faɗa ana rubutawa. Aka gama a ƙarshen 1355. Sunan littafin Tuhfatun Nuzzar, amma an fi saninsa da Rihla. Ibnu Juzayyi ya ƙawata shi, ya kuma ɗebo wasu bayanai daga littafin Ibnu Jubairu wanda ya riga shi. Ibnu Khaldun ya ba da labarin cewa mutanen fada suna raɗe-raɗin ƙarya yake yi idan yana ba da labarin dukiyar Delhi. Ya ƙare rayuwarsa yana alƙalanci a wani gari na Maroko, ya rasu wajen 770 bayan Hijira, wato 1368 ko 1369. An ƙiyasta tafiyarsa da kimanin kilomita 117,000. An buga littafin gaba ɗaya da Larabci da Faransanci a Faris tsakanin 1853 da 1858, yau kuma filin jirgin saman Tanja sunansa yake amsawa.

ABIN LURA GA MATASAN ZONGO

Ba mu kawo tarihin wannan bawan Allah don mu ce waliyyi ne ba. Yana da son kyautar sarakuna, ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, ya mallaki bayi, ya yi aure-aure a ƙasashe ya tafi ya bar mata da 'ya'ya, ya kuma bar iyayensa har suka rasu bai dawo ba. Duk waɗannan daga bakinsa muka ji su, kuma wasunsu ba baƙi ba ne a zongo. Akwai gidaje a unguwanninmu da uwa take jiran ɗan da ya bi hanyar Agadas da Libiya, da yaran da ba su san fuskar ubansu ba.

Mu jikokin matafiya ne, kalmar zongo kanta daga masaukin ayari ta samo asali. Ba wanda zai hana matashi sha'awar fita. Abin tambaya shi ne me zai fita da shi. Ibnu Baɗuɗa ya rasa dukiya a Kalikut, amma da ya isa Maldif an ba shi alƙalanci, domin teku ba ta cinye karatunsa ba. Zaman baƙunci kuwa ba shi da tabbas. Iyayenmu sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da yawa daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, har gwamnatocin Afirka suka kai kuka. Wanda yake da ilimi ko sana'a a hannu, in an tashe shi a nan zai ci abinci a can.

Na biyu, mu dubi yadda yake kallo. Tun 1957 ake yin babbar kasuwar baje koli a Guangzhou, mutanenmu kuma sun san unguwar Xiaobei da shagunanta. Muna sanin farashin kaya da kuɗin kwantena da na kwastan. Mu nawa ne suka shiga masana'anta suka tsaya suka ga yadda ake haɗa fitilar da suke saya, ko yadda ake rina yadin? Muna da teloli da maƙera da dukawa da masu gyaran waya a kowane lungu na zongo. In mai zuwa saro kaya ya dawo musu da dabara ɗaya ko na'ura ɗaya a kowace tafiya, cikin 'yan shekaru za a ga bambanci. Haka nan tsarin samarin Akhi, da gidan kula da makafi da marayu da ya gani a Sin Kalan, ba abin da zai hana ƙungiyoyinmu su gwada irinsu daidai ƙarfinsu, ko da da asusun mako-mako ne.

Na uku, rubutu. Dubban fatake sun je Sin kafin Ibnu Baɗuɗa da bayansa, wasunsu sun fi shi daɗewa da sanin ƙasar, amma sunayensu sun tafi tare da su. A nan gida, abin da muka sani na Salaga da yaƙinta na 1892 da zuwan Turawa, kaso mai yawa daga alƙalamin Alhaji Umaru na Kete Krachi ya fito, wanda ya rasu a 1934. Yau akwai tsofaffi a zongo da suka je hajji ta ƙasa, da waɗanda suka ga 1969, da fataken da suka fara buɗe hanyar Guangzhou. Kowane reshe na matasa ya ɗauki littafi da biro, ko wayar da ke aljihu, ya zauna gaban ɗaya daga cikinsu kafin ƙasa ta rufe ido.

Allah Ya jiƙan Ibnu Baɗuɗa, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa da na sama, Ya maido su gida lafiya da abin da zai amfani jama'a. Amin.